Babi na Bakwai: Harsashin Maharbi

Da zarar an gama ɗaure dammunan gero an kai rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗa karan da ya saura a gonaki, akwai wasu mutane a ƙauyukan Gidan Rumji da Agye da Gazawa da hankalinsu ke komawa daji. Su ne maharba, ko mahalba a bakin Gobirawa da Katsinawan Maraɗi. Lokacin ne ake sauko da bindiga daga inda aka rataye ta tun saukar ruwan fari, a goge ta da tsumma da ɗan mai, a ɗaga ta sama a leƙa cikinta da hasken rana. Sannan a jawo gwangwanin da aka ɓoye a ƙarƙashin gado, a zazzage shi kan tabarma, a ƙirga harsashin da ya rage. A sake ƙirgawa. Abin da lissafin ya bayar shi zai faɗi ko bana za a shiga daji sau goma ne ko sau biyu, ko kuwa a mayar da bindiga ma'ajiyarta, a ɗauki gora a yi wa karnuka fito.

Bindiga tana da tsawon rai. Wadda kaka ya saya zamanin da gyaɗa ke da kuɗi tana iya kaiwa hannun jika, in dai ana ba ta mai kuma ba a bar ta a raɓa ba. Harsashi kuwa sau ɗaya yake magana. Da an ja kunama, kuɗin da aka sa a kansa ya zama hayaƙi, ko an samu ko an kuskure. Shi ya sa duk mai son sanin halin da masu bindiga suke ciki a wata ƙasa zai fi gane gaskiya in ya bi sawun harsashi, ya bar ƙirgar bindigogi.

Amurkawa sun ɗanɗani wannan a 2020. A shekarar annobar korona da zanga-zanga da zaɓen shugaban ƙasa, hukumar FBI ta tantance masu neman sayen bindiga kusan sau miliyan 40, adadin da ba a taɓa gani ba, kuma ƙungiyar masu masana'antun makamai ta ƙasar ta ƙiyasta cewa mutane fiye da miliyan 8 ne suka sayi bindigarsu ta farko. Kowace sabuwar bindiga tana neman abin da za ta ci. Ana cikin haka kamfanin Remington, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera harsashi, ya karye a watan Yuli na shekarar. Kantuna suka wayi gari da kanta babu kaya. Harsashin ƙaramar bindiga mai milimita 9 ya ninka kuɗinsa, wasu wuraren har sau uku, masu kanti suka riƙa ƙayyade kwali nawa mutum ɗaya zai ɗauka. A watan Agusta na 2021 gwamnatin ƙasar ta toshe hanyar shigo da harsashin Rasha mai araha, bayan wata shida kuma yaƙin Yukren ya ɓarke, rundunonin soja suka shiga gaban layi wajen neman garin albarushi da tagulla.

Waɗanda suka fi kuka a can su ne masu harbi don nishaɗi, mutanen da kan je filin harbi ranar hutu su ƙarar da kwali biyu ko uku, kowanne mai harsashi 50, a kan takardar da aka zana wa da'ira. In aka ba maharbin Cadakori wannan labari zai riƙe baki. Harsashi 100 a yammaci ɗaya, kuma ba ko kurciya a jaka! A nan ba a san wannan wasa ba. Ƙaramar bindiga ta jami'in tsaro ce, sai ɗaiɗaikun attajiran da suka sami izini. Abin da ya yi kusa da harbin nishaɗi a wannan yanki shi ne farautar rani da harbin bukukuwa, kuma su ma ba su rabu da tukunyar miya ba. Amma guguwar da ta kwashe kantunan Amurka ba ta tsaya a bakin teku ba, don kasuwar albarkatun harsashi ɗaya ce a duniya, kuma wanda ke ƙarshen layi shi ke samun ƙanzo.

A duba abin da ke cikin harsashin farauta mai lamba 12, wanda shi ne abincin yawancin bindigogin Bature da ke hannun maharba. Kwanso ne na roba mai gindin ƙarfe. A tsakiyar gindin akwai ɗan ƙwayar da ke kama wuta idan an buge shi, a ciki akwai garin albarushi marar hayaƙi, sai matoshi, sai ƙwayoyin darma. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ake yi a Agye ko Maraɗi. Daga waje yake zuwa, kuma Nijar ba ta da teku. Shekara da shekaru hanyar kaya ita ce tashar jirgin ruwa ta Kwatano, a haura Benin a tsallako gadar Gaya, sannan a biyo babbar hanya ta ɗaya, wadda ta ratsa Gidan Rumji ta gefen Maraɗi ta wuce Cadawa da Agye da Gazawa ta nufi Tasawa da Damagaram. Kowane shingen duwan da kowace litar gazal suna hawa kan kuɗin kwalin. Kuma tun da sefa a ɗaure take da yuro, in farashi ya tashi a masana'antun Turai, babu abin da ke rage masa zafi kafin ya iso.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ma wannan hanya ta toshe. Ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakar Najeriya da ta Benin. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma gadar Gaya ta ci gaba da zama a rufe ta ɓangaren Nijar, manyan motoci suka koma zagayowa daga Lome ta cikin Burkina Faso da rakiyar soja. A irin wannan hali magani da shinkafa ma da ƙyar suke isowa. Ba wanda zai sa harsashin harbin zabo a gaban ayari.

Sai kuma takarda. Ƙa'idar mallakar bindiga a Nijar ta samo tushe tun 1963, kuma izinin yana fitowa ne daga ma'aikatar cikin gida, can Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600. Farauta kanta tana da dokarta ta 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tanadi lasisi daga ma'aikatan gandun daji, da lokacin buɗewa da rufewa, da jerin namun da ba a taɓawa. A saman waɗannan akwai alkawarin da ƙasashen Afirka ta Yamma suka ɗauka a Abuja a 1998 na dakatar da shigo da ƙananan makamai, wanda ya zama cikakkiyar yarjejeniya a ranar 14 ga Yuni 2006. Yarjejeniyar ta haɗa da harsashi: ba a tsallaka iyaka da shi sai da izini na musamman. Dokoki ne masu ma'ana, kuma mai hankali ba zai so a ce babu su ba. Sai dai manomin da ke bayan Gangara, wanda bai yi lakwal ba kuma kuɗin mota zuwa Maraɗi ma sai ya sayar da tiya biyar ta wake, yana kallon su kamar katangar da ba ta da ƙofa. Don haka da yawa ba su taɓa sayen kwali cikakke mai 25 ba. Ɗai-ɗai ake saye, kamar ƙwayar sukari, a hannun wanda ya san wanda ya san wani, kuma duk hannun da kaya ya bi sai ya ɗora ladan kasadarsa.

Wannan ƙunci ba yau ya fara ba. Ƙasar nan ta daɗe tana yaƙi da farauta ba tare da ta dogara da bindiga ba. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo ta Tasawa ya sauka Gazawa a watan Janairu na 1851, gari ya tarar mai kafi da ganuwa, a bakin wani ƙungurmin daji da ya raba shi da Katsina, dajin da kufan Ɗankama ke cikinsa kuma ayari ba ya ratsa shi sai da shiri. Katsinawan da suka kafa Maraɗi bayan jihadi, da Gobirawan da sarkinsu Mayaƙi ya tara a Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, da doki da mashi da takobi suka riƙe ƙasarsu, dakarunsu kuma da baka da kibiya mai dafin ƙwanƙwani. Maharbin wancan zamani da kansa yake haɗa dafinsa, maƙerin garinsu ke yi masa kan kibiya, gulbi ke ba shi kyauro. Yakan ɗaura kan burtu a goshi ya durƙusa yana rarrafe yana sara ƙasa kamar tsuntsun, har ya kusanci barewa. In ya harba ya kuskure, sai ya je ya tsince kibiyarsa. Babu wani ɗan kasuwa a wata ƙasa da zai iya hana shi fita.

Bindiga ce ta kawo dogaro da na nesa. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya fahimci haka da wuri. Bai tsaya ga sayen bindigogi daga fataken Tarabulus ba, ya sa aka riƙa haɗa albarushi da zuba igwa a cikin birninsa, kuma wannan na cikin abin da ya sa maƙwabta suka riƙa shakkarsa. Turawa ma sun fahimta. A taron da suka yi a Burasal a 1890 sun amince a hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani da harsashinsu, aka bar musu tsofaffin bindigogin ɗuri da baƙin albarushi. Bayan shekara tara mutanen wannan yanki suka ga abin da bambancin ke nufi, lokacin da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ratso daga Birnin Ƙonni ta Tsibiri a 1899 tana ƙone garuruwa, har ta je ta watse a wajen Ɗankori da Maijirgi a watan Yuli. Da mulkin mallaka ya zauna, sai ya mayar da bindigar zamani abin alfarma, ta sarakuna da tsofaffin soja da ma'aikata. Talaka kuwa ta ɗuri, albarushinta ma da takarda ake saye a kantin Bature. Ashe tun ran gini tun ran zane: wanda ke bin doka a ƙauye shi ake auna wa harsashi da cokali.

Dajin da Barth ya ratsa yanzu gonaki ne. Ƙidayar 2012 ta sami mutane miliyan 3.4 a jihar Maraɗi, kuma kudancinta na cikin wuraren da suka fi cunkoso a ƙasar. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da namun daji, gatari da garma suka ƙarasa. Abin da ya rage shi ne gandun dajin gwamnati irin su Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado a Agye, da Baban Rafi a Madarumfa. Gaskiya ne itace ya dawo gonaki tun daga shekarun 1980, da manoma suka rungumi sassaben zamani suna barin tohon gawo da kalgo da sabara su girma, har ƙauyen Ɗan Saga na Agye ya yi suna a duniya kan wannan aiki. Amma itacen gona inuwar zomo ce da fakara da zabon daji da kurciya. Manyan namun sun tafi.

A nan ne lissafin maharbi ke rikicewa. Da harsashi ɗaya zai kayar da barewa, ko nawa aka sayar masa ya ci riba. Yanzu abin da ke gabansa zabo ne ko zomo, kuma idan kuɗin harsashi ya kusa kuɗin naman, kuskure ɗaya ya cinye ribar yini. Shi ya sa maharbin yanzu ba ya harbin tsuntsu a sama. Yakan laɓe a bakin tabki tun asuba, ya jira zabi su haɗa kai wuri ɗaya, ko kirinjijiya su jeru a ruwa, don ƙwayoyin darma su watsu su sami uku ko huɗu. In ya harba, sai ya sunkuya ya tsince kwanson ya sa aljihu, don akwai masu sake cika shi. Harsashin da aka sake cikawa da hannu yana da araha, yana kuma da halin ƙin tashi ranar da aka fi bukatarsa. Samari da yawa sun haƙura da bindiga ɗungurungum. Farautar gayya ta rani, wadda ƙauyuka ke haɗuwa da karnuka da gora da barandami ana kiɗa ana kirari, ba ta cin harsashi, ita ce ta fi rayuwa.

Da a nan maganar ta tsaya, da labari ne na sana'ar da zamani ke rage wa ƙarfi, irin na masaƙa da marina. Amma akwai wata kasuwar harsashi a wannan iyaka tamu da Najeriya, kuma ita ba ta taɓa yin fari ba.

Tun wajen 2017 ta'asar 'yan bindigar Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato ta fara tsallakowa. Da farko satar shanu ce, daga baya ta koma ɗaukar mutane don kuɗin fansa. Gundumar Gidan Rumji da ta Madarumfa su ne a bakin wuta, don ƙauyukan Tsibiri da Gidan Sori da Gabi tafiyar babur ce kaɗan daga dazuzzukan da ɓarayin ke kwana. A 2019 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga mutane kusan 20,000 da suka tsallako jihar Maraɗi zuwa watan Mayu, kafin ƙarshen Satumba sun haura 40,000. Yawancinsu mata ne da yara, kuma ƙauyukan Gidan Rumji ne suka fara buɗe musu zaure da rumbu, tun kafin a kafa musu matsuguni a Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori. Da aka kashe mutane fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a watan Mayu na 2020, wasu dubbai suka sake kwararowa.

Mutanen da suka kore su ba da harsashin zabo suke aiki ba. Kalashnikof suke riƙewa, mai cin harsashi 30 a gida ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa kwana a garin da suka shiga zai ba da labarin yadda suke ɓarin wuta sama don tsoratarwa kawai, kamar ba saye suke ba. Masu bincike sun bi sawun wannan kaya. Rahoton da cibiyar Small Arms Survey ta fitar kan Nijar a 2018 ya nuna yadda rumbunan makaman Libiya suka fashe bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, kaya suka biyo hamada ta Agadas suka gangaro kudu. Binciken Conflict Armament Research na 2020 a Katsina da Zamfara da Kaduna ya sami makaman da suka fito daga Libiya, da na rumbunan sojan Kwaddibuwa, da waɗanda suka zurare daga hannun jami'an tsaron yankin, da kuma bindigogin Turkiyya da aka shigo da su ta teku. A 2017 kaɗai kwastan na Najeriya sun kama irin waɗannan na Turkiyya a Legas har sau huɗu, kamun Janairu guda 661, ɗaya daga na Satumba guda 1,100. Kowane barikin da aka ci, kamar Inates a Disamba 2019 da Cinagodar a Janairu 2020, ƙarin kaya ne a kasuwar bayan fage. 'Yan sandan Najeriya kuma sun sha nuna masu dakon harsashi da suka kama, har da mata, an cusa shi cikin jarkar manja ko buhun hatsi.

Shi ma ɗan bindiga yana sayen harsashi da tsada. Bambancin shi ne ba daga aljihunsa kuɗin ke fita ba. Sa ɗaya da ya kora daga garken wani ya biya masa abin da zai harba, kuɗin fansar magidanci ɗaya kuma ya cika masa buhu. Wato manomin da ya kasa sayen harsashi biyu don zabo, shi ne dai ke sayar da gonarsa don a saya wa wanda ya sace ɗansa harsashi ɗari biyar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gwamnonin Zamfara da Katsina sun gwada shaƙe wuyan wannan kasuwa a watan Satumba na 2021, suka katse layukan waya, suka rufe kasuwannin dabbobi, suka hana sayar da mai a jarka. Ɓarayin sun ji jiki na ɗan lokaci, sannan suka nemo wasu hanyoyin, ciki har da ta wannan gefen iyaka.

Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Da harsashin Bature ya gagara, kuma dare ya daina zama lokacin barci, sai aka koma wa maƙeri. Bindigar toka, ko baushe, ko adaka, wadda aka fi sani da harba-ka-ruga, ba ta jiran jirgin ruwa. Bututun ƙarfe ne da ƙotar itace, ana ɗura mata baƙin albarushi ta baki, a toshe da tsumma, a zuba gutsattsarin ƙarfe ko darma, a daddanna da sanda. Ita ce dai 'yan bindigar fada ke harbawa ranar hawan salla, ƙasa ta girgiza, farin hayaƙi ya turnuƙe, dawaki su yi tsalle, yara su toshe kunne suna dariya. A wannan wurin tana da kyau ƙwarai. A bakin ƙauye da tsakar dare kuwa sunanta ya gama bayaninta. Harbi ɗaya take yi, kuma kafin a sake ɗura ta mai Kalashnikof ya juye gida guda ya sa wani. Hayaƙinta yana nuna inda mai ita ya laɓe. Albarushinta yana shan danshi da damina, daidai lokacin da gero ya yi tsawo ya zama mafakar ɓarayi. In kuma aka cika mata ciki don ta yi ƙarfi, bututun yakan fashe, kuma ba ƙauyen maharba da ba a san mai guntun yatsu ba.

Duk da haka maharba ne aka tura gaba, don su suka san daji, su ke da layu da maganin ƙarfe da mutane suka yarda da su, su ne kuma ba sa tsoron duhu. An ga haka a Adamawa a 2014, inda maharba suka taimaka wajen ƙwato Mubi daga Boko Haram. A Katsina gwamna Aminu Masari ya fito fili a 2021 ya ce mutane su nemi makami su kare kansu, gwamnatin Zamfara ta maimaita a 2022, daga baya jihohin suka kafa rundunonin tsaron al'umma, Katsina a Oktoba 2023, Zamfara a Janairu 2024. A gefen Nijar hukuma ta daɗe tana ɗari-ɗari da wannan hanya, tana dogara da soja da jandarma da 'yan sanda, kuma tana da hujja. Mutanen Gidan Rumji ba su manta Toda ba, inda a watan Oktoba na 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, galibi mata da yaran Fulani. Rahoton International Crisis Group na Afrilu 2021 kan kudu maso yammacin Nijar ya yi gargaɗi a kan wannan gaɓar: ƙungiyar sa-kai da ta fara da tsaron gari tana iya ƙarewa da farautar ƙabila, kamar yadda ya faru a Zamfara, inda kisan gillar 'yan sa-kai ya tura matasan Fulani da yawa daji. Mai kiran a raba wa kowa harsashi ya kamata ya tsaya a kan wannan tarihi ya daɗe. Mai cewa a ƙwace na hannun maharba kuma ya faɗi wanda zai kwana a bakin garin.

Akwai wata asarar da ba a auna ta da sefa. Da, mutum mai rataye da bindigar toka da warki da layu abin girmamawa ne, ana kiransa ya kori kura ko ya ba da maganin sarar maciji. Yanzu daga nesa ba a bambanta shi da ɓarawo. A ƙarshen watan Maris na 2025, wasu maharba 'yan jihar Kano suna komawa gida hutun salla daga kudancin Najeriya, aka tare motarsu a garin Uromi na jihar Edo. Da aka ga bindigoginsu na toka sai aka yi musu ihun masu satar mutane, aka kashe 16 daga cikinsu. Labarin ya zagaye wayoyin Maraɗi kamar yadda ya zagaye na Kano. Maharbin Gazawa da ya ji shi ya san cewa ko a ƙasarsa, haɗuwa da motar sintiri a bakin daji da bindiga a kafaɗa ba ƙaramar magana ba ce, balle in ba takarda a aljihu.

Nijar ba baƙuwa ba ce a aikin tattara makamai. Tun 1994 take da hukumar ƙasa mai karɓa da sa ido kan haramtattun makamai, kuma a ranar 25 ga Satumba 2000 aka cinna wa bindigogin tsofaffin 'yan tawaye wuta a Agadas a gaban jama'a. Sai dai yawancin ƙoƙarin a kan bindiga yake, alhali abin da ke ƙarewa kullum kuma dole a sake nemowa shi ne harsashi. Yawancin kwansunan soja suna da hatimi a gindinsu, mai nuna masana'anta da shekarar ƙira. Da za a riƙa tsince kwansunan da ɓarayi suka zubar bayan kowane hari a Gidan Sori ko Tsibiri ana rubutawa, ana gwada su da na rumbunan gwamnatocin biyu, da an san ta inda randa ke yoyo. Wannan aiki ne da sai Yamai da Abuja sun haɗa littafi, kuma ficewar Nijar daga CEDEAO a watan Janairu na 2025 ta sa zaman tebur ɗaya ya ƙara wuya. Ta gefen maharba kuwa, suna da sarakunansu a kusan kowace masarauta, sun san junansu gida-gida. Rajistar da za a yi a Agye ko Gidan Rumji ta hannun sarkin mahalba da hakimi, da kanti ɗaya mai izini da ke rubuta sunan duk wanda ya sayi harsashin farauta, za su fi wa hukuma amfani a kan halin da ake ciki, inda ba wanda ya san ko nawa ke shigowa ko ina suke zuwa.

A tsohuwar al'adar Anna, wato Maguzawan kwarin Maraɗi, wadda masanin Faransa Guy Nicolas ya rubuta a kanta, ba a shiga farauta sai an yi bikin buɗin daji bayan kaka, manyan mahalba su fara shiga su nemi izinin masu dajin, sannan kowa ya biyo. Yanzu a ƙauyukan da ke kudu da babbar hanya, kafin a fita sai an buga waya garin gaba an tambayi ko an ji ƙarar babura da dare. In an ce lafiya, a fita da hantsi a dawo kafin la'asar, ba a kwana. Wanda ke da harsashin Bature uku yakan ɗauki ɗaya ya bar biyu a gwangwani, saboda dare.